Yatsa ko Zira'i? Awon Sukari a Gidan Wani Liman na Kasuwar Libiya

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, ciwon sukari ya zama baƙon da ya shimfiɗa tabarma a gidajenmu da dama, a Maraɗi ne ko Damagaram, a Garwa ko Umdurman. Duk gidan da ya sauka kuwa, ba a daɗewa sai ka ga an shigo da 'yar na'urar nan ta awon jini, tare da alƙalaminta mai allura da kwalbar 'yan tsinkayen da ake ɗiga wa jinin, waɗanda a Sudan ake kira sharit, masu Faransanci kuma suke ce musu bandelet. Wanda bai taɓa ciwon ba yakan ɗauki huda yatsa abin wasa. To amma a yi lissafi: mai awo sau biyu a yini zai huda kansa sau 730 a shekara, wanda likita ya ɗora wa sau huɗu kuwa sau 1,460, duka a kan yatsu goma, alhali kan yatsa yana daga cikin wuraren da Allah ya fi tara jijiyoyin ji a jikin ɗan Adam. Abin da ke biyo baya sananne ne. Mutum ba zai ce ya daina awo ba, sai dai ya riƙa mantawa, yau ya ce tsinke ya yi tsada, gobe ya ce ai shi ya san jikinsa. Da haka sai na'urar ta koma ƙasan akwati, a ci gaba da shan magani a makance.

Akwai sauƙi a cikin wannan al'amari wanda mutane da yawa ba su san da shi ba, wato ɗibar jinin daga wani wuri a jiki ba yatsa ba. Sai dai sauƙi ne mai sharaɗi, kuma wanda ya karɓi sauƙin ya bar sharaɗin, gara ma a ce bai ji labarin ba.

Ni an haife ni a Umbadda, yammacin Umdurman, a unguwar da ke jingine da Kasuwar Libiya, wadda ta samo sunanta daga kayan da fatake ke ketare sahara da su daga ƙasar Libiya. Kakana yana daga cikin Hausawan da suka taso daga yamma da ƙafa da nufin aikin hajji, hanya ta yi musu tsawo, suka zauna a Sudan suka hayayyafa. Mahaifina shi ke limanci a wani ƙaramin masallaci a bakin kasuwar, mafi yawan mamunsa kuwa teloli ne masu ɗinkin jallabiya, da 'yan dako, da masu yankan farce, da masu gasa agashe, wato tsiren nan namu da ya zama abincin duk ɗan Sudan har sunan ya bi shi. Duka mutane ne da abincinsu ke kan yatsunsu. Telan da yatsansa ke zogi ba ya iya tura allura a wuyan riga, shi ya sa maganar nan ba ƙarama ba ce a wurinsu.

A shekarar 2012 aka gano ciwon a jikin Malam. Ya fara da ƙwayoyi, daga baya a 2016 likitansa a cibiyar masu ciwon sukari ta Jabir Abul Izz da ke Hartum ya mayar da shi kan allurar insulin safe da yamma, ya kuma ce lallai ya riƙa awo yana rubutawa. Malam mutum ne mai haƙuri da ciwo, amma da hannunsa yake rubuta wa yara allo da alƙalamin kara, da shi yake jan carbi, da shi yake buɗe tsofaffin littattafansa masu siririyar takarda. Cikin 'yan watanni kawunan yatsunsa suka cika da baƙaƙen ɗigo, fatar ta yi kanta, har ya zama sai an zurfafa allura kafin jini ya fito, zurfafawar kuma ta ƙara zafin. Sai muka lura na'urar ta sami mazauni a bayan jerin littattafan fiƙihu, inda hannu ba ya saurin kai wa.

Wadda ta warware mana matsalar 'yar ƙanensa ce, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Umdurman. Ta zo gaisuwa wata Juma'a, ta karɓi hannunsa ta duba, ta ce: "Baffa, ai a tsakiyar yatsa kake hudawa, inda ya fi ko'ina ciwo." Kafin ta ambaci wani wuri dabam sai da ta fara gyara na yatsan, kuma ina ganin wannan tsari shi ne daidai, domin da yawa daga masu neman gudun yatsa gyaran hudar kawai suke bukata. A huda gefen yatsa kusa da farce, ba tudun tsakiya ba. A juya lambar zurfi da ke jikin alƙalamin zuwa mafi ƙaranci da zai ba da jini. A sauya allura, domin wadda aka maimaita ta dakushe, yaga fata take yi maimakon huda. A zagaya yatsun, kowane yana da gefe biyu, a kuma ɗaga wa babban yatsa da manuniya ƙafa tunda su ne masu aiki. A wanke hannu da ruwa mai ɗumi da sabulu, a tsane shi sarai.

Sa'annan ta zazzage kwalin na'urar, ta ciro wani ɗan murfi garai-garai kamar gilashi wanda muka daɗe muna gani ba mu san amfaninsa ba. Shi ake sa wa bakin alƙalamin idan za a ɗebi jini a wani wuri. Tun wajen shekarar 2000 aka fara fitar da na'urori masu wadatuwa da jini kaɗan ƙwarai, irin su FreeStyle, wadda ɗigon da take bukata bai kai kashi ɗaya cikin uku na mikrolita ba, kamar kan allurar ɗinki. Da jinin da ake nema ya ragu haka, sai ya yiwu a samo shi daga wuraren da ba su da yalwar jini kamar yatsa amma kuma ba su da zafinsa: tafin hannu, a tudun naman da ke ƙarƙashin babban yatsa ko wanda ke ƙarƙashin ƙaramin, zira'i, wato tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, damtse, cinya, da sha-raɓa. Ba kowace na'ura aka yarje wa wannan ba, kuma wadda aka yarje wa ma akan ambaci wuraren da aka gwada ta a kansu cikin takardar da ke tare da ita, takardar nan da muke yarwa tun ranar farko.

Yadda ake yi ba wuya. A zaɓi wuri mai nama, ba gashi, ba tabo, ba jijiya mai bayyana. A murza shi da hannu har ya yi ɗumi. A danna alƙalamin da ɗan ƙarfi, a harba, kada a ɗaga nan take, a ci gaba da dannawa ana kallon ɗigon yana taruwa ta cikin murfin, sa'annan a ɗaga a miƙe don kada jinin ya shafe. Ranar da aka fara yi wa Malam a zira'i sai da ya tambaya ko an huda, don bai ji ba. Cinya kam tun farko ya ce a bar ta, ba wurin da dattijo zai kwaye a zaure ba ne. Ƙafa da yatsunta kuwa 'yar ƙanen nasa ta yi kashedi mai ƙarfi: mai ciwon sukari ba ya huda ƙafarsa ko da wasa, domin raunin ƙafa a wurinsa ba ya saurin warkewa, kuma daga irin wannan ƙaramin miki ake kai wa ga yanke ƙafa.

Daga nan ta shiga sharuɗɗa. Jinin da ke kan yatsa yana sabuntawa da sauri, na fatar zira'i da cinya kuwa a hankali yake gudana. Idan sukarin jiki yana zaune wuri ɗaya, duka biyun magana ɗaya za su faɗa. Amma idan yana hawa da gudu ko yana faɗuwa da gudu, yatsa ne ke fara sani, zira'i sai daga baya. Duk ɗan kasuwa ya san irin wannan. A shekarun da kuɗin Sudan ke zubewa, farashin yadi yakan sauya da hantsi a wurin manyan dillalai na Kasuwar Libiya, amma mai ɗan kanti a ƙarshen unguwa yana nan yana sayarwa a kan farashin jiya. Ba ƙarya yake yi ba, labari ne bai iso shi ba. Wasu likitoci biyu a birnin Dusaldof na Jamus, Jungheim da Koschinsky, sun auna wannan tazara suka buga sakamakon a 2002: lokacin da sukari ke sauyawa da sauri, zira'i yana iya makara da kimanin rabin awa, kuma murza wurin yana rage tazarar amma ba ya kawar da ita ga kowa. Rabin awa a wurin wanda sukarinsa ke faɗuwa ya isa ya raba tsakanin mai tsaye da wanda ya suma.

Saboda haka ba a komawa ga zira'i ko damtse ko cinya sai a lokacin natsuwa, kamar da asuba kafin karin kumallo, ko kafin cin abinci, ko bayan awa biyu sun wuce daga abinci ko allurar insulin ko aikin ƙarfi. Wanda ya ji alamar faɗuwar sukari, rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, duhun gani, yatsa zai nufa. Haka mai zazzaɓi, da mai juna biyu, da wanda zai tuƙa mota, da wanda ya san sukarinsa kan faɗi ba tare da ya ji alama ba. Haka kuma duk lokacin da lambar da zira'i ya bayar ta saɓa da abin da mutum ke ji a jikinsa. Tafin hannu shi ne mafi kusa da yatsa wajen saurin labari, har wasu masu ƙera na'urorin suna sanya shi a sahu ɗaya da yatsan, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mafi yawan mutanenmu.

Malam ya saurara har ta gama, sai ya yi murmushi ya ce: "To, 'yata, ashe taimama ce. Tana da lokacinta, kuma idan ruwa ya samu ta ɓaci." Tun daga ranar a gidanmu sunan awon zira'i ke nan.

Amfanin wannan sharaɗi ya fito fili a azumin 2018, wanda ya faɗo a watannin Mayu da Yuni, lokacin da zafin Umdurman ke wuce digiri 40. Likita ya shawarci Malam ya bar azumi, shi kuma ya ce zai gwada, aka rage masa allura aka ɗora masa yawan awo. Wata rana bayan la'asar ya raka gawa maƙabarta da ƙafa ya dawo, saura kamar awa ɗaya a sha ruwa. Ya ce gajiya ce kawai, ya naɗe hannun riga ya miƙo zira'i. Na ce: "Malam, ka yi tafiya cikin rana, wannan lokacin na yatsa ne." Ya ce to a yi duka biyun mu gani. Zira'i ya ce 88. Yatsa, cikin minti ɗaya, ya ce 61. Ya dubi lambobin biyu ya yi shiru. Sa'annan ya ce a kawo dabino da ruwa, kuma a kawo masa nan ƙofar masallaci inda aka fara shimfiɗa tabarmin buɗa-baki, ba cikin gida ba. A gaban teloli da 'yan dako ya ci, ya gaya musu dalili, ya ce wanda Allah ya sauƙaƙa wa ya ƙi karɓa ba tsoron Allah ya fi kowa ba. Bayan minti 15 aka sake awo a yatsa, ya hau. Da zira'i kaɗai aka bi, da 88 ta ba shi izinin jiran magariba.

Tunda maganar ta kawo mu azumi, bari in tsaya a kan tambayoyi biyu da aka fi yi wa Malam a zaure. Shin huda jiki don awo yana karya azumi? Ba ya karyawa. A mazhabar Imamu Malik ko ƙaho, wanda jininsa ya fi wannan nesa ba kusa ba, ba ya ɓata azumi, an dai ƙi shi ga wanda ake tsoron zai raunana, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani. Shin yana warware alwala? A wurin Malikawa da Shafi'awa jinin da ya fita daga rauni ba ya cikin masu warware alwala, kuma ɗan abin da ya taɓa tufa, matuƙar bai kai faɗin dirhami ba, an yi rangwame a kansa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta zauna a Sharja a 2009 kan ciwon sukari da azumi, ta kasa marasa lafiya gida-gida gwargwadon hatsarin da ke kansu. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya kuma, tare da ƙawancen likitocin da ke nazarin ciwon a Ramadan, sun fitar da jagora a 2016 suka sabunta shi a 2021, inda suka ce mai azumi ya sha ruwa idan awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300. Wannan a ma'aunin da muke amfani da shi a Sudan ke nan. 'Yan'uwa da takardun asibitinsu ke zuwa da Faransanci za su ga lambobin a matsayin 0,70 da 3 na giram a lita, masu na'urar milimol kuma 3,9 da kimanin 16,7. A duba wane ma'auni na'urar gida take bi, musamman idan tsaraba ce daga wata ƙasa.

Wani zai ce, ai mai azumi bai ci komai ba tun asuba, ashe ba lokacin natsuwar sukari ke nan ba? Ga wanda ke kan insulin ko ƙwayoyin nan irin su Daonil masu saukar da sukari da ƙarfi, amsata ita ce a'a. Abin da yake nema da awon rana shi ne ya kama faɗuwa tun tana tafe, zira'i kuwa a nan ne ya fi rauni. Bayan buɗa-baki ma haka, sai dai ta ɗaya fuskar. A Sudan ana buɗe baki da dabino da hilu-mur, wani abin sha na tsiron dawa da kayan yaji da ake zuba wa sukari ba tausayi, sai asida da balila, sukarin jiki kuwa ya tashi sama kamar an harba shi. Ga kuma tarko na dabam: yatsan da ya taɓa dabino ko lemo, idan aka huda shi ba a wanke ba, zaƙin da ke kan fata yana gauraya da jinin ya ba da lamba mai tsoratarwa, wanda ya ƙara insulin a kanta kuwa ya jefa kansa cikin hatsari. Maganin wannan sabulu ne da ruwa, ba komawa zira'i ba.

Akwai wata al'ada da na gani a layin teloli wadda ta fito daga zumunci amma ba ta da kyau. Mutum ɗaya ke da na'ura, sai ta zama ta layin duka, kowa ya zo a huda shi da alƙalami ɗaya. Ko an sauya allura, bakin alƙalamin yana riƙe ɓurɓushin jini da ido ba ya gani, kuma ta wannan hanya ake ɗaukar ciwon hanta nau'in B. Murfin awon zira'i ma ya fi, tunda a kan jinin ake danna shi. Malam ya yi magana a kan haka bayan wata sallar azahar, ya ce alƙalamin huda kamar asuwaki ne, kowa da nasa.

A yau akwai wata hanya da ta wuce duk wannan, wato ɗan faifan nan da ake mannawa a bayan damtse ya kwana 14 yana karanta sukari ba huda, irin FreeStyle Libre da ta fito a Turai a 2014. Ni'ima ce ga wanda ya samu, musamman yara. Amma ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin nama ne, don haka ita ma takan ɗan makara, kuma masu ita suna ajiye na'urar yatsa don ranar da lamba ta saɓa da jiki. Kuɗinta kuwa ba na limamin bakin kasuwa ba ne.

A ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Yammacin Umdurman ya zama fagen fama, kasuwa ta watse, kantunan magani suka rufe, wuta ta ɗauke. Sai a ƙarshen Maris na 2025 sojoji suka ba da sanarwar karɓe Kasuwar Libiya. Mu tun a watannin farko muka fita zuwa Gadarif wurin dangi, da insulin a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, da tsinkayen awo da ba su kai ashirin ba, waɗanda kuma dole a ɓoye su daga zafi da laima, tunda yawancinsu ba a so su wuce digiri 30. A wannan hali maganar zira'i ta faɗi da kanta. Zira'i wani lokaci yakan ƙi ba da isasshen jini, tsinke ya lalace a banza, mu kuwa ba mu da na asara. Kowane tsinke sai an ajiye shi don ranar da Malam ya ce jikinsa ba daidai ba, tambayar irin wannan rana kuwa yatsa ake yi wa.

Da abubuwa suka ɗan lafa, wani ɗalibinsa da ke aiki a Saudiyya ya aiko masa da sabuwar na'ura, don tsinkayen tsohuwar sun ɓace daga kantuna. Kafin a huda ko'ina sai da ya sa na karanta masa takardar da ke cikin kwalin tun daga farko har ƙarshe, ɓangaren Larabcin. Wannan na'urar yatsa da tafin hannu kaɗai aka ambata mata, ba zira'i. Ya ce to shi ke nan. Yanzu da asuba, bayan ya idar da alwala ya tsane hannunsa, a tudun tafin hannun hagu yake awo, sauran lokuta kuma a gefen yatsu uku na ƙarshe, yana rubuta lambar da wurin da aka ɗebi jinin a bayan wani tsohon littafin makaranta, domin likita ya san wace lamba ce ta yatsa, wace ce ta tafi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da mutanen Sudan gidajensu cikin aminci.